Inda na tsaya da bishiyar salsalar kifin Triplophysa

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Na ce zan riƙa sanar da ku yadda aikin ke tafiya, to ga inda aka kwana.

Ga waɗanda suka shigo daga baya, Triplophysa ƙananan kifaye ne masu kwanciya a ƙasan ruwa tsakanin duwatsu. Suna da gashin baki guda 6 kamar na tarwaɗa, kuma yawancinsu ba su da ɓawo a jiki. Cibiyarsu tudun Tibet da Qinghai a ƙasar Sin, inda kogunan Huang He da Yangtze da Mekong da Indus suka samo tushe, kuma nau'o'insu sun haura 100. Ɗaya daga ciki, T. stoliczkae, an same shi a wurin da ya kai tsayin mita 5,200, ba a san wani kifi da ya zauna sama da haka ba. Babbansu, T. siluroides na Huang He, yakan kai rabin mita.

Aikin farko bai ci rai ba. Don gina bishiyar da ke nuna dangantakar nau'o'in, na sauke jerin DNA na wata ƙwayar gado mai suna saitokurom b daga GenBank, rumbun jerin DNA da ke intanet, kowanne harufa wajen 1,140, na jera su da manhajar MAFFT, na sa Cobitis, wani kifi da ba Triplophysa ba, a matsayin bare don a san inda tushen bishiyar yake, sannan manhajar IQ-TREE ta gina bishiyar. Shawara ɗaya: ku buɗe jerin a manhajar MEGA ku kalle shi da ido kafin ku ci gaba. Za ku ga layuka biyu sun sauko da launi guda, na uku kuma ya yi dabbare-dabbare, domin harufan DNA uku-uku ake karanta su wajen haɗa furotin, kuma harafi na uku yakan sauya ba tare da ya taɓa furotin ba. In kuka ga wani jeri ya karya wannan tsari, to ya zame ne ko an shigar da shi a juye.

Da bishiyar ta fito a manhajar FigTree sai ga abin da ya riƙe ni har yanzu. Samfuran da ke ɗauke da sunan stoliczkae ba su taru a reshe ɗaya ba. Sun watsu, wasu sun fi kusa da wani nau'in da suke kogi ɗaya da shi fiye da masu sunansu na wani kogin. Masana sun riga sun nuna cewa wannan suna ya lulluɓe zuriya fiye da ɗaya masu kama da juna, don haka ba sabon abu na gano ba. Tambayar ita ce me ke jawo irin wannan.

Abu uku ne ke iya yi. Ko wanda ya kama kifin ya ba shi sunan da ba nasa ba, wanda ba abin mamaki ba ne a kifayen da ƙwararru ma ke rarrabe su da ƙyar. Ko nau'o'in sun rabu cikin gaggawa, tsohon gadon kakanni bai gama tacewa ba. Ko kuma sun yi barbara bayan rabuwa, 'ya'yan ruwa biyu suka koma suka haihu da ɓangare ɗaya, gadon wani ya tsallaka cikin wani. Na ukun nan ya dace da tarihin wurin. Tun da Indiya ta yi karo da Asiya shekaru kimanin miliyan 50 da suka wuce ƙasar ke ɗagawa, kogi ya sace ruwan wani kogi, tafki ya toshe kamar yadda tafkin Qinghai ya yanke daga Huang He, ƙanƙara ta rufe hanya ta sake buɗewa. Kifayen da suka daɗe a rabe sukan sake haɗuwa.

Amma a ganina duk wanda ya ce ya tabbatar da cuɗanyar gado daga saitokurom b kaɗai ya yi gaggawa. Wannan ƙwayar gadon tana cikin maitokondiriya, ɓangaren da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, ta wajen uwa kawai ake gadonta, labarin ɓangare ɗaya take bayarwa. Na gina bishiya ta biyu da jerin RAG1 na cikin cibiyar ƙwayar halitta, wanda ake gado ta wajen uwa da uba, sai dai yana sauyawa a hankali, rassan suka fito da ƙarancin goyon baya, da yawa ƙasa da 95 cikin 100.

Abin da ke raba gardamar shi ne gwajin ABBA-BABA, wanda ya yi suna a 2010 wajen nuna gadon Neanderthal, wani jinsin mutanen dā da ya shuɗe, a jikin mutanen yau. Ana ɗaukar nau'i biyu 'yan uwan juna, da na uku, da bare. A ƙirga wuraren da na uku ya yi tarayya da ɗan uwa na farko, da waɗanda ya yi da na biyu. In tsohon gado ne kawai, adadin zai zo kusan daidai. In ya rinjaya gefe guda, an yi cuɗanya. Gwajin na buƙatar dubban wurare a faɗin kundin gado, wato dukkan DNA ɗin halitta, ana yin sa da manhajar Dsuite a kan fayil ɗin VCF mai lissafa wuraren da samfuran suka bambanta.

An fitar da kundin gadon T. tibetana da T. siluroides tun 2019, amma ɗanyen bayanan na cin data sosai, kwamfutata kuma ba za ta ɗauka ba. Wanda ya taɓa amfani da Galaxy, shafin intanet da ake irin wannan aikin a kansa, wajen jera irin waɗannan bayanai, don Allah ya taimaka mini da matakan, musamman wajen tace VCF ɗin.