Oga ya ce a kafe kai, ni na ce a duba ƙafa

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a kulob ɗinmu na golf, waɗanda muke tare sun riga sun ji. To kafin in tattara komatsaina na ga gara in rubuta wa yaranmu kadi, masu saɓa wa 'yan wasa jakar sanduna, da ƙananan masu koyarwa abu ɗaya da na tabbatar da shi a filin nan, don na san in na bar shi a baki kawai, gobe wani zai bugi ƙirji ya ce shi ya ƙirƙiro. Maganar nauyin jiki ce a suwin, wato ɗaukar sanda baya a bugo bol, yadda yake tafiya ƙafar baya sannan ya dawo ta gaba. Duk abin da zan faɗa na mai hannun dama ne, bahago sai ya juya kayansa.

Kun dai san karatun da ake yi a renj ɗinmu, wato filin koyon bugu, tun muna saɓa jaka: kafe kai, kalli bol, kar ka motsa. Oga, mai koyarwar da muke aiki a ƙarƙashinsa, ba shi da wata waƙa sai wannan. Memba ya sari ƙasa, wai ya ɗaga kai. Ya aske saman bol ta yi ta mirginawa, wai ya ɗaga kai. Silais, wato bugun da bol ke lanƙwasawa ta yi dama, ya kwashe ta zuwa cikin darbejiya, nan ma kai ne mai laifi. Mutum ya biya kuɗin darasi wata da watanni ana gaya masa abu ɗaya, shi kuma ya koma gida yana zargin wuyansa.

Alhali ɗaga kan nan alama ce kawai, ciwon yana ƙasa. In ka tsoratar da mutum ka ce kar ya motsa, ba zai juya jikinsa ba, hannu kawai zai ɗaga, ƙugu ya zame dama, ƙirji ya karkata wajen tutar ramin da ake nufa, sai ka ga sanda tana sama amma nauyinsa duk yana ƙafar hagu. To daga nan ina za shi? Dole in zai sauko ya faɗa baya kan ƙafar dama, wato komai ya zo a juye. Akwai kuma kashi na biyu, su sun fi yawa ma a wajenmu, suna zuwa baya lafiya lau amma ba sa dawowa, sai su maƙale a ƙafar dama suna son su kwaso bol su taimaka mata ta tashi. Ayan lamba 7 fa, sandar nan mai kan ƙarfe, fuskarsa a kwance take da digiri talatin da ɗoriya, aikin tada bol nasa ne, ba ya neman taimakon kowa.

Abin da ya kamata kowane kadi ya riƙe shi ne, sanda tana zagayawa ne, kuma inda za ta fi yin ƙasa yana bin inda jikinka yake. Kana baya, za ta taɓa ƙasa kafin ta kai bol. Wani lokaci ta nutse a nan ka ga ƙasa ta fi bol nisa, wani lokaci ta tsira da ƙyar ta samu bol a tsakiyarta tana kan hanyar tashi, sai bol ta fita a ƙasa-ƙasa hannu ya yi ta zugi. Memba yana ganin matsala biyu ce da shi, alhali uwarsu ɗaya. Su ƙwararru da ake aunawa da faifan auna nauyi, a bugun ayan kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin yana ƙafar gaba lokacin da sanda ta haɗu da bol, kuma suna fara taka hagun nan tun sanda ba ta gama kaiwa sama ba. Shi ya sa dibot ɗinsu, wato saran da sanda ke yi wa ƙasa, yake farawa a gaban bol.

Ƙasar filinmu ma tana rufa wa mutane asiri, wannan kuma ban taɓa jin Oga ya faɗa ba. Da rani fili ya bushe ƙarau, ka bugi bayan bol sai sanda ta yi tsalle ta same ta, ta gangara ta yi nisa, mutum ya ce yau hannuna ya faɗa. Bari damina ta sauka ƙasa ta yi laushi, ko ya je filin IBB a Abuja ko na Ikoyi a Legas inda ciyawa take da kauri, sai ya dawo yana cewa filinsu ne ba shi da kyau. Fili lafiyarsa ƙalau yallaɓai.

Abin da ya haɗa ni da Oga a kan wani Alhaji ne, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, mutumin kirki, ya daɗe yana darasi a hannunsa ba ci gaba. Oga ya yi tafiya gasa, ya ce in tsaya a bayan Alhaji in riƙa jera masa bol, iyakar aikina ke nan. Na tsaya ina kallon dattijo yana gama bugu yana tangaɗi da baya, ƙafar hagu har tana tashi daga ƙasa, wallahi na kasa yin shiru.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ba za ka ji haushi ba a ɗan ajiye bol tukuna."

Ya ce, "Kai yaro, ni bol na zo bugawa."

Na ce, "Za a buga Alhaji, layi ɗaya kawai zan ja."

Na sa ti, ɗan tsinken nan da ake ɗora bol a kai, na ja layi a ƙasa daidai inda bol take zama, na ce ya yi suwin kamar tana nan. Duk saran da ya yi a bayan layi yake sauka, wani har da tazarar tafin hannu. Ban yi dogon bayani ba, ƙasa ta riga ta gaya masa. Sai na miƙa masa bol a hannu na ce ya jefa min ita ta ƙasa zuwa tutar kusa. Ya ja da baya, ya taka hagu, ya saki, ya ƙare yana tsaye cak a ƙafar gaba dugadugin dama a sama. Na ce ranka ya daɗe wa ya ce ka taka hagu? Ya yi dariya ya ce ai haka ake jifa. To jikinsa ya san hanya tun yana yaro, darasi ne ya mantar da shi.

Daga nan muka shiga atisayen taku, wanda har yau ban ga abin da ya kai shi ba. Ka gyara tsayuwa yadda ka saba, ka jawo ƙafar hagu ta haɗu da dama, ka ɗauki sanda baya, kafin ta ƙarasa sama ka taka hagu zuwa gurbinta sannan ka bugo. Kafin ta ƙarasa nake cewa fa, nan ne sirrin, in ka jira sai ta tsaya a sama sannan ka taka ka makara, kafaɗa ce za ta riga ƙafa saukowa. A fara ba bol, sannan bol a kan ti da ƙaramin ayan, rabin ƙarfi. Na ƙara masa da sa tsohuwar bol a ƙarƙashin gefen takalmin dama ta waje, don ya ji nauyi yana taruwa a cikin ƙafa da dugadugi maimakon ya malala waje, saboda juyawa daban zamewa daban, kuma da yawa in ka ce su kai nauyi baya sai su kwashe jiki gaba ɗaya su yi dama da shi. Na ƙarshe, duk bugun da ya yi ya tsaya ya ƙirga uku, bel yana kallon tuta, ya iya ɗaga ƙafar dama ya ƙwanƙwasa yatsa a ƙasa ba tare da ya yi tangaɗi ba.

Kafin Oga ya dawo saran Alhaji ya koma gaban layi, bol tana fita da wannan ƙarar da duk kadi ya santa ko da ya juya baya. Shi kuma dattijo da zuciya ɗaya ya je ya yi ta yabona a gaban kyaftin da sauran membobi. Nan fa aka taɓo Oga.

Ya tara mu a bakin sito, ya kira ni gaban yara ya ce, "Kai wa ya ba ka izinin taɓa suwin ɗin memba? Ka sa dattijo yana taku yana jifa, golf ba dambe ba ne." Na ce Allah ya ba ka haƙuri Oga, don ba a ja da na gaba a gaban yara. Aka cire ni daga renj, aka mai da ni wankin sanduna da tsintar bol, kasona na kuɗin darasi ya tsaya, sunana da aka ce za a tura don kwas aka maye da na wani. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne damina ba ta fita ba na hango shi daga sito yana sa wata Hajiya ta haɗe ƙafa ta taka hagu, yana gaya mata sabon salo ne da ya samo a tafiyarsa. Har layin ma ya ja, da ti, a inda nake ja.

Kuma tunda shi ya kawo maganar dambe, ai da ya tsaya ya kalli 'yan dambe da ya ƙaru. Ɗan dambe yana tara nauyi a ƙafar baya, hannun kariya a gaba, in zai kai naushi sai ya danna ƙasa ya zubo jikinsa kan ƙafar gaba, wanda ya yi naushi yana jan baya ko ƙuda ba zai kashe ba.

Manyan wasan ma ba kafewa suka yi ba. Gary Player na Afirka ta Kudu, mai manyan kofuna 9, sau da yawa in ya bugo sai ƙafar damarsa ta biyo bol ya ci gaba da tafiya abinsa, har masu koyarwa suka mai da abin atisaye. Jack Nicklaus mai 18 yana ɗaga dugadugin hagu in zai je baya, ya dasa shi kafin ya sauko. Annika Sorenstam 'yar Suwidin da ta gama ramuka 18 da bugu 59 kacal a 2001, kanta yana juyawa wajen tuta tun kafin sanda ta gama da bol, da a renj ɗinmu take da ta sha faɗa. Ba ina cewa kai ya yi ta yawo ba ne, a'a, amma ka gyara ƙafa kai zai nutsu da kansa.

Sai dai ku kula, maganin ma yana da iyaka. Wasu in sun ji daɗin taku sai su wuce gona da iri, ƙirji da kai su riga bol wucewa, sai ta fita a ƙasa ta yi dama. Ƙugu ne ke ɗan matsawa gaba sannan ya juya, ba duk gangar jiki za a jefa ba. A direba kuwa, babbar sandar bugun nesa, abin ya ɗan bambanta, bol tana kan ti wajen dugadugin hagu, nauyi yana zuwa hagu amma kai yana nan bayan bol don sanda ta same ta tana tashi. Kar ku ja wa mutum layi ku ce ya sari ƙasa da direba, sandar tana da tsada kuma ku za a ɗora wa.

Dattawanmu kuma a bi su a hankali. Wani ba ƙin takawa yake ba, gwiwar hagu ce ke masa ciwo ko ƙugu ya ƙi juyawa, wani kuma tumbi ne, ba sai na yi bayani ba. Ka tambaye shi lafiyar gwiwa kafin komai. Ka sa ya buɗe yatsun ƙafar hagu su ɗan kalli tuta, ya rage faɗin tsayuwa, ya bar dugadugi ya tashi in yana so. Mai tsayuwa a wage ba zai iya kai nauyi ko'ina ba ko da shekararsa 20.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Ka ɗauki bidiyo da waya ta gaban mutum kafin ka taɓa shi da kuma bayan ka gyara, ka ajiye, watarana shaida ce. Kar ka gyara abu biyu rana ɗaya. Ka roƙi memba in zai yabe ka ya yi a hankali, ya duba wa ke kusa. Kuɗin darasi a rubuta kason kowa a takarda tun farko.

Alhaji da wasu mutum kaɗan sun ce za su biyo ni inda za ni, ban kira kowa ba, su suka nema. Makullin sito na miƙa wa sakatare, sanduna a ƙirge suke cif, wanda ke da shakka ya je ya duba littafi. Kasona na watannin da aka riƙe kuwa har yanzu ana ce min ana kan duba takardu.