Sana'ar Tsofaffin Taswirori a Idaho

Shagona a Boise yake, jihar Idaho, kuma ba wani babba ba ne: injin bugawa mai faɗi guda, teburin yanka, sai durowoyi cike da takardu. Hajata tsofaffin taswirori ne na hukumar binciken ƙasa ta USGS, wadda gwamnatin Amurka ta kafa a 1879, ta soma zana ƙasar yanki-yanki a 1884. Babu haƙƙin mallaka a kansu, kowa na iya sauke su kyauta a intanet. Kuɗin da nake karɓa na goge tabo ne, da daidaita launi, da takarda mai kauri, da kuma sanin wacce ce za ta biya wa mutum buƙata.

Taswirar duwatsun Owyhee, a kudu maso yammacin Idaho, ta fi tafiya. Ƙasar kiwo ce, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gida ba. A 1863 aka tsinci zinariya a rafin Jordan, garin Silver City ya tashi, ya zama hedikwatar gunduma, har 1934 da aka mayar da ita garin Murphy. Yanzu Silver City kusan kufai ne, da hunturu ma ƙanƙara ke rufe hanyar. Garin De Lamar da ke kusa ya fi shi mutuwa.

Masu yawon buɗe ido taswirar ratayawa a bango suke nema, kyau kawai suke dubawa. Makiyayi kuwa da yatsa yake karatu. Ya bi shuɗin layi har idon ruwan da kakansa ke shayar da shanu, ya tsaya kan baƙin ɗigo ya ce nan bukkar take. Layuka masu launin ƙasa da ke nuna tudu da kwari, in sun matsu, ya san gangare ne da doki ba zai hau ba.

Kullum ina ce musu su duba gefen takarda tukuna. Shekarar da aka auna ƙasa daban, shekarar bugu daban, wani lokaci tazarar ta kai shekaru da yawa. Abin da aka sa da shunayya kuma daga hoton jirgin sama aka ƙara shi daga baya, ba wanda ya taka ya gani.

Ni dai na fi son taswirorin da aka sassaƙa a farantin tagulla kafin a buga su, rubutunsu siriri ne. Sai dai suna cin lokaci wajen gyara, kuma ba kowa ke yarda ya biya bambancin ba.