Takin masai da 'ya'yan turare: abin da gaggawa ta jawo mini a Damagaram

Ban kai shekara talatin ba lokacin da na gaji wani ɗan fili a kan hanyar Mirya. Jigawa ce da ta gaji da gero, in ka shuka sai kara ya tsaya maka iya gwiwa. Na dubi yadda magina ke neman sandunan itacen turare a cikin gari, masu rufin ɗaki na nema, masu kafa rumfa na nema, na ce to ni ma itace zan noma. Wannan tunanin har gobe ban yi nadamarsa ba. Yadda na bi da takin ne ya sa nake rubuta muku wannan, ƙannena, domin na ga samari da yawa sun fara tare motocin zuƙe masai suna roƙon a juye musu a gona, kamar yadda na yi.

Dalilin da ya ja ni shi ne yake jan ku. Buhun takin zamani ya fi ƙarfin aljihu, kashin shanu kuma masu garka sun riga ka. Ga Damagaram gari ne na salga da ramin masai, daga Birni zuwa Zengu, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, kuma kowane rami in ya cika dole a yashe shi a kai bayan gari. Abin da ke cikinsa taki ne na gaske. Akwai sinadarin da 'yan lakwal ke kira azot, mai sa ganye ya yi kore shar, akwai fosfor mai ƙarfafa saiwa, sannan yana sa rairayi ya riƙe danshi. Turare kuwa ba a cin 'ya'yansa, dabbobi ma ba su cika kula ganyensa ba, saboda haka in akwai shukar da ta dace da irin wannan taki, to shi ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi na riƙe na rufe kunnena ga sauran.

Na sayo 'ya'yan turare ɗari biyu a cikin leda daga wurin masu renon itatuwa, na haƙa ramuka a ƙarshen bazara. Mai mota ya zo da magariba ya juye mini lodi biyu a gefen filin. Kwana uku kawai na ba shi. Ni da ƙanena muka riƙa ɗiba da bokiti muna zubawa a kowane rami har rabi, mu yaga leda, mu ɗora ɗan itacen a kai, mu tura ƙasa. Wani tsoho da gonarsa ke maƙwabtaka da tawa ya tsaya ya jingina da sandarsa yana kallonmu. Ya ce, "Ɗana, jariri ake ba tuwon dawa?" Na ce, "Baba, ai turare ne, ba ya jin komai." Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya wuce.

Kafin kwana goma bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an kanga masa wuta. Sai ya naɗe, ya yi ja, ya zube. Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara sayen ruwa a jarka ina kai wa da amalanke, kun kuwa san abin da ruwa yake a garin nan a watan Mayu. Da na tuge guda ɗaya sai na ga saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana saɓulewa a hannu kamar dafaffen zare. Cikin ɗari biyu, waɗanda suka ga kaka ba su kai hamsin ba, su ma na ramukan ƙarshe ne, inda takin ya kusa ƙare mana muka zuba kaɗan.

Wani ma'aikacin gandun daji ne ya fahimtar da ni abin da ya faru. Ɗanyen kashin masai cike yake da gishiri da kuma wannan iskar mai yaji da ke hawa ido in an buɗe salga. Saiwar ɗan itace ba ta fi gashi kauri ba. In ta taɓa abin da ya fi ta gishiri, maimakon ta sha ruwa, ruwan jikinta ne ke fita. Ga shi kuma yana ci gaba da ruɓa a cikin ramin, yana cinye iskar da saiwar ke shaƙa. Ashe ruwan da nake ta zubawa cikin ramin da ya riga ya jiƙe, ƙara shaƙe su nake yi.

Asarar itatuwa ita ce ƙarama. Ƙanena, yaro ɗan shekara goma sha biyar, da silifa ya yi aikin nan, hannu tsirara. In mun tashi cin abinci sai mu ɗauraye hannu da ruwan jarka, babu sabulu, babu toka, mu sa a kwano ɗaya. Ba a yi mako ba gudawa da zazzaɓi suka kwantar da shi. Daren da muka kai shi asibiti, idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe, mahaifiyarmu na riƙe da ledar ƙarin ruwa tana salati. Ba ta ce mini komai ba, kallona kawai ta yi, kuma wannan kallon bai bar ni ba har yau. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma bayan watanni sai da aka sake ba shi maganin tsutsar ciki. Ni na kai shi wurin aikin takin nan, ni ne babba, ni ya kamata in sani.

Ku ji wannan da kyau. Abin da ke cikin ramin masai ba na mutum ɗaya ba ne, na duk wanda ya shiga ne, mai lafiya da marar lafiya. Ƙwayoyin taifot da na kwalara da na atini suna iya kasancewa a ciki. Waɗannan rana da bushewa suna kashe yawancinsu cikin makonni ko 'yan watanni. Ƙwan tsutsar ciki ne mai taurin rai, yana da ɓawo mai kauri, yana iya shekara, har fiye, a cikin ƙasa mai danshi yana jiran bakin da zai shiga. Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 aka ce a ƙasa mai zafi irin tamu a ajiye bahaya fiye da shekara 1 kafin a kai shi gona, ba tare da an ƙara sabo a kai ba. In kuwa haɗa shi za a yi da ciyawa ya dahu, to zafin cikin tulin ya wuce digiri 50 na sama da mako guda. Ni kwana uku na ba shi.

Sai kuma maganar inda aka ɗebo shi. Mai motar ya rantse mini cewa daga gidaje ne kawai. Da abin ya bushe sai ga wani ɓangare ya yi ƙyalli baƙi ƙirin, yana warin baƙin mai, ga fasassun batura, ga leda, har allurar asibiti na tsinta da bakin shebur. Rana tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta kashe dalmar batir, ba ta kashe man gareji. Waɗannan zama suke yi a ƙasa. Gurbin da aka juye lodin nan ya yi shekaru ko ƙarangiya ba ta fito da kirki ba. Yanzu ba na karɓar lodi sai na san unguwa, na san gidan, in da hali ina tsaye aka zuƙe. Na asibiti, na gareji, na wurin rini ko wurin jima da ake sa magungunan zamani, ko kyauta da kuɗi a kai ba na so.

Ruwan farko na damina ya buɗe mini wata ƙofar. Filina yana kan tudu, a ƙasansa akwai garkar wani bawan Allah da rijiyarsa. Ragowar tulin da na bari a fili, ruwa ya kwashe shi ya gangara da shi har bakin rijiyar. Da safe ya zo da guga a hannu ya ce in shinshina. Magana ta kai gaban mai gari. Ban yi musu ba, don babu abin musu. Na biya aka yashe rijiyar, na ba da haƙuri, amma shekara biyu gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki ba. Masu aikin tsafta suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya. Tulin taki ma haka, kuma kada ya zauna a saman gangare. Ƙasarmu rairayi ce a kan dutse, ruwa ba ya tsayawa ya tace, wucewa yake yi.

Wasu za su tambaya, ya hukuncin najasa? Ni ma sai bayan ɓarna na je na tambaya. Malamin unguwarmu ya ce mini a mazhabarmu ta Malikiyya shukar da ta tsiro da najasa ita kanta mai tsarki ce, sai dai a wanke abin da ya taɓa ta daga waje. Ya ce sayar da bahayar ɗan Adam ne ba a yarda da shi ba, don haka in zan biya, in biya ladan ɗauko wa. Ya ƙara da cewa in ware tufafin aiki daban da na salla, kuma cutar da maƙwabci ita ce babbar matsalar da ke wuyana. Ku ma ku je ku tambayi malamanku.

Ga yadda nake yi yanzu, bayan na sha wuya. Da kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara, nake karɓar lodi. Ina da wani kwari marar zurfi da na yi wa gefe da ƙasa, nesa da rijiya da hanya, na kewaye shi da ƙayar magarya saboda yara da awaki. A nan ake shimfiɗa shi, kaurinsa kada ya wuce taƙi ɗaya. Hunturu ya busa shi, ranar Afrilu da ke haura digiri 40 ta gasa shi, sai ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Sannan in farfasa, in tsince leda da kwalba da manjagara, in haɗa shi hawa-hawa da sassaren karan gero, ƙaiƙayi, ganyen dogon yaro, kashin awaki da toka. A yayyafa ruwa ya yi danshi, ba ya jiƙe sharkaf ba. Ina soka wani rodi a tsakiyar tulin. Bayan kwana huɗu ko biyar in na zaro shi na kasa riƙewa don zafi, na san tukunya ta ɗau wuta. In ya huce sai a juya, na gefe ya koma ciki, ya sake ɗaukar zafi. Daga nan in lulluɓe shi da ƙasa da tsohon zana, in manta da shi har damina biyu ta same shi. Duk wannan da takalmin roba mai tsawo, da safar hannu, da ƙyalle a hanci, musamman ranar farfasa busasshen, don ƙurarsa ma ba abin shaƙa ba ce. Sabulu da buta suna rataye a jikin shingen. Yaro ƙarami ba ya shiga.

Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ƙamshinsa kamar na ƙasa bayan yayyafin farko. Amma kada hanci ya ruɗe ku, rashin wari ba ya nufin ƙwan tsutsa ya mutu, kwanakin ne abin lissafi. Kafin in kai shi rami nakan cika tsohon gwangwani, rabi taki rabi yashi, in jefa ƙwayar masara goma. In sun fito kore lafiya, to saiwar turare ma za ta jure.

Ramin kamu ɗaya nake yi, zurfi da faɗi. Kwano ɗaya zuwa biyu na taki ya isa, a cuɗa shi da ƙasar saman da aka fara haƙowa, a zuba a ƙasan ramin, a rufe da tsurar ƙasa kamar yatsa huɗu, sannan a zaunar da ɗan itacen. Saiwa ta je ta same shi da kanta in ta yi ƙwari. Wanda ya cika taki zai ga itacensa ya yi zaƙwal da tsawo, jiki ba ƙarfi, iskar hadari ɗaya ta kwantar da shi, ga shan ruwa kamar raƙumi. In kuma karan bai ruɓe ba, ka gayyato gara, ita kuwa gara da ɗan turare ba sa ga-maciji. Ina dasawa ne in ruwa ya zauna, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, daidai lokacin bikin dashen itace na 3 ga Agusta da ƙasarmu ke yi tun 1975. Tsakanin itace da itace taku huɗu. Shekarar farko ba na barin a shuka yakuwa ko kuɓewa a tsakani, kuma mai neman ganyen sirace ya tsinka daga sama, ban da wanda ya faɗi ƙasa.

Turare kansa ku san baƙo ne, daga Ostiraliya aka kawo shi, kuma baƙo ne mai yawan shan ruwa. Saiwarsa tana tafiya nesa, ganyensa in ya zube ba ya barin ciyawa ta yi daɗi. Garin da ruwan samansa na shekara bai cika wuce milimita 500 ba, wanda famfonsa ke jiran ruwa daga rijiyoyin Arunguza da Gogo da ke wajen gari, ba ko'ina ne wurin turare ba. Kada ku sa shi a tsakiyar gonar gero ko a bakin rijiya. Can gawo ya dace, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya kuma taki ƙasa da kansa. Ku je Mirya, Matamai da Magarya ku ga yadda manoma suka mayar da gonakinsu dajin gawo ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa. Ni ma akwai gawo bakwai da suka fito a gefen filina na gabas, na yi musu sassabe na bar su, turare kuma na tsayar da shi a tudun yamma inda gero ya ƙi.

Saran farko da na yi, sandunan sun rufa ɗakin ƙanen nan nawa lokacin aurensa, kututturan kuma sun sake tofo, kowanne na bar masa biyu. Tsohon da ya yi mini maganar tuwon dawa ya rasu kafin a kai ga haka, Allah ya jiƙansa. Ɗansa ne ke noma gonar yanzu, kuma bana ya zo neman taki don zai dasa turare hamsin a iyakarsu. Na nuna masa tuli biyu a bayan shinge. Na hannun dama ya ga damina biyu, na ce ya kawo amalanke ya ɗiba. Na hagu a watan Disamba aka juye shi, sai Yulin baɗin baɗaɗa za mu buɗe.