Kafin ka ajiye bindiga a gida a Jos

Dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininta. Lasisin bindigar farauta mai bututu biyu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, na bindigar toka kuma Kwamishinan 'Yan Sanda. Wanda aka kama ba takarda, ɗaurin shekara 10 na iya hawa kansa.

Mai lasisi kuwa, tsatsa ce abokiyar gabarsa, musamman a daminar Jos. Cire harsashi tukuna, ka leƙa bututun da idonka. Goge cikinsa da tsumma har ya fito fes, sannan ɗigo biyu na mai. In man ya yi yawa, ƙurar hunturu za ta manne masa, kunamar bindigar ta cije. Don Allah a kulle bindiga daban, harsashi daban, saboda yara.