Abin da na koya daga anemonin da ke haƙa rami a taɓo

A kwas ɗin dabbobi marasa ƙashin baya yawancin 'yan ajinmu ƙwari suka fi so da tsutsotsin da ke sa cuta, kuma da gaskiyarsu, su muke gani kullum. Ni kuwa ɗan babin anemonin teku masu haƙa rami ne ya tafi da ni, duk da dai mu nan ba teku gare mu ba, sai silaid da hotuna.

Anemoni dabba ce fa, ba fure ba, danginsu ɗaya da murjani a rukunin Cnidaria. Wadda aka saba gani tana da faffaɗan gindi da take liƙewa jikin dutse da shi. Masu haƙan nan ba su da wannan, jikinsu dogo ne siriri kamar tsutsa, ƙarshensa kuma dunƙulalle. Ruwan cikinta take turawa can ƙasa sai wurin ya kumbura ya kama laka, ta ja sauran jikin ta bi, ta saki ta sake turawa, haka haka har ta nutse gaba ɗaya ba abin da ya rage a waje sai baki da 'yan yatsun da ke kewaye da shi.

Babban darasin dai a lab na same shi. Daga waje wallahi kusan duk kamarsu ɗaya, ba yadda za ka ce wannan wace ce, dole sai an yanka jikin a kwance an sa a maikiroskof ka ƙirga bangwayen naman da suka raba cikin ɗaki-ɗaki. A Edwardsia, ɗaya daga cikin masu haƙan nan, guda 8 ne cikakku da suka taso daga fata suka kai maƙogwaro, sauran ƙanana ne can sama kusa da baki, kuma a fatarta akwai wasu 'yan aljihu cike da ƙwayoyin harbi. Ƙirgan nan yana cin ido sosai, ga zafi ga layin masu jiran maikiroskof a bayanka, amma lokacin da takwas ɗin nan suka fito min tsaf kowanne da tsokarsa a gefe ɗaya, gaskiya na ji daɗin da ban taɓa ji a karatu ba.

To sai batun rabe-rabensu. Oskar Carlgren, masani ɗan Suwidin, a babban aikinsa na 1949 ya tara anemoni marasa tsokar gindi, irin masu haƙan nan, a rukuni ɗaya mai suna Athenaria, aka daɗe ana bin haka. A 2014 Estefanía Rodríguez da abokan aikinta suka bi ta DNA, sai ga shi rukunin ya watse. Edwardsia da Peachia duk haƙa suke amma nesa suke da juna a dangantaka, zaman taɓo ne kawai ya ba su siffa iri ɗaya. Balle Ceriantharia masu zama cikin bututun da suke saƙa wa kansu, su kam wani reshe ne daban ma.

Kuma dangin Edwardsia ɗin nan, wato Edwardsiidae, ba ƙananan kaya ba ne. Nematostella vectensis, ta ruwan fadamun gishiri a gaɓar Amurka da Ingila, an karanta ilahirin tsarin gadonta a 2007, yanzu da ita ake binciken yadda jikin dabba ke ginuwa. Wata kuma, Edwardsiella andrillae, a 2010 aka hango ta a Antaktika ta shige cikin ƙanƙara kanta na kallon ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne handawut ɗin da aka ba mu har yanzu Athenaria yake koyarwa ba ko ɗan bayani cewa an canza, kuma shi ɗalibai ke haddacewa su shiga jarrabawa.