Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Miyau Maganin Baki Ne

A makon jiya na tsaya a kan komawata Tawa, amma maganar Kawu ta hana ni wucewa. "Miyau maganin baki ne," haka ya ce ranar da na nuna masa farin tabon da ke gefen harshen Inna, daidai inda take ajiye garin taba da kanwa tun kafin a haife ni. Tabon bai fi ƙwayar gujiya ba, ba ya ciwo, kuma ko an goga shi da asawaki ba ya fita. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, a sayar da maraƙin nan a kai ta Yamai." Ya ce yaron da ko gemu bai tsiro masa ba ba zai koya masa jinya ba.

Sai bayan damina biyu muka yi tafiyar nan ta fiye da kilomita 500, lokacin kuwa ƙululu ya riga ya fito mata a wuya. Aka yanki ɗan nama aka duba, aka ce sankara ce. Sauran kun sani.

Ɗiyata ta fari, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ita ta tayar mini da wannan tsohon miki. Ta ce sankara tana barin alamomi a cikin jini da nama. A sankarar maƙogwaro ana neman wani furotin mai suna p16, wanda ke nuna hannun HPV, wata ƙwayar cuta da ake ɗauka ta hanyar saduwa, musamman nau'inta na 16, kuma irin wannan ta fi jin magani a kan wadda taba ta jawo. Sankarar bayan hanci kuwa, ana bin sawun wata ƙwayar cuta mai suna EBV a jini. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin maza fiye da 20,000 a Hon Kon, aka kama sankarar da wuri a jikin mafi yawan waɗanda aka same su da ita. Da ta ce har miyau ake bincika yanzu, ko da yake wannan bai wuce matakin bincike ba, yankar nama ce dai ke yanke hukunci, sai na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Miyau maganin baki ne!

Na tambaye ta, "To, ta Inna fa?" Ta ce, "Baba, tabon nan shi ne alamar, kuma ido yana ganinsa."

Kawu yanzu ya makance. Ranar Juma'a na kai masa goro, ya riƙe hannuna yana lissafa nawa aka sayar da maraƙin nan a bikin ɗansa.