Abin da na koya a ɗakin gwajin murhu da gawayin ɓuntu

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafa shanshera ɓuntu ne. Tun daga 2015, da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, noman shinkafa ya bunƙasa, tsibin ɓuntu a bayan injinan casa ma ya bi sahu. Sana'ata ita ce mayar da shi gawayi: a ƙona shi a cikin duro mai ƙarancin iska, a niƙa, a kwaɓa da kunun rogo, a matse, a shanya.

Mu masu wannan aiki da masu ƙera murhu kowa cewa yake nasa ya fi. Babu mai hujja, domin na'urar auna ƙarfin zafin makamashi da ta auna hayaƙi sun fi ƙarfin aljihun mai walda ɗaya. Shi ya sa muka haɗa kai muka kama ɗaki guda, muka zuba sikeli, ma'aunin zafi, ma'aunin danshi da ƙaramar na'urar gano iskar guba. Gwajin da ya fi ƙarfinmu sai mu nemi ɗakunan binciken jami'a. Mun yi sa'ar maƙwabtaka da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wadda ta daɗe tana aiki kan ingantattun murahu da iskar gas ta kashin dabbobi.

Abu na farko da ya zauna mini a kai shi ne, amfanin ɗakin ba a tsadar kayansa yake ba, a ma'auni ɗaya yake, kamar mudun kasuwa da mai saye da mai sayarwa suka yarda da shi. Gwajin tafasa ruwa da ake yi a ko'ina a duniya muke bi: lita 5 a tukunya, a auna makamashi kafin a kunna da bayan an gama, a tafasa da murhu mai sanyi, a sake da mai zafi, sannan a rage wuta a bar ruwan yana ɓararraka kaɗan-kaɗan na minti 45. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai na zafin itace yake kai wa tukunya. Da wannan murhun duwatsu kowa ke kwatanta nasa, gardama ta ragu.

Sai batun toka, wanda ya fi komai ɗaukar hankalina. Ɓuntu kusan kashi 20 cikin ɗarinsa toka ce, mafi yawanta sinadarin yashi, kuma idan an mayar da shi gawayi kason tokar ƙaruwa yake yi. A kurfoti na gama-gari, tokar nan takan toshe ramukan iska, wuta ta yi sanyi tun girki bai yi nisa ba. Wata dattijuwa mai turara shinkafa da muka gayyato daga Argungu ta duba ta ce mini, "Ɗana, wanga gawayi naku ba shi da laifi, murhun ne ba nashi ba." Wani mai walda da ya kawo nasa murhun gwaji yana tsaye yana ji. Shi ya faɗaɗa ramukan, ya ɗaga rariyar, ya yi wa toka aljihu a ƙasa da za a janye a zubar ba tare da an sauke tukunya ba. Da kowa yana shagonsa, ni da shi ba za mu taɓa haɗuwa a kan tukunya ɗaya ba.

Abin da ke tayar mini da hankali kuwa shi ne tallar "gawayi marar hayaƙi". Rashin hayaƙi ba ya nufin rashin guba. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma gawayi na fitar da ita sosai. Da hunturu mutanenmu kan shiga da garwashi ɗaki don jin ɗumi, su rufe ƙofa da taga, yara na barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020. Idan ka ga lambar na'ura tana hawa a ɗakin da idonka ke cewa lafiya lau, ba ka sake sayar da buhu ba tare da gargaɗi ba.

Akwai inda amfanin ɗakin gwajin ke tsayawa. Tafasa lita 5 daban, turara shinkafa a rabin duro daban. Ga iskar hunturu a tsakar gida, ga danshin damina da ke ruguza gawayin a cikin buhu. Dole bayan gwajin ɗaki a kai murhu gidajen da za su yi aiki da shi, a auna abin da suka ƙona a kwanaki.

Mafi wuya shi ne amana, don kowa na tsoron a kwaikwayi haɗinsa. Muka daidaita a kan cewa sirrin kwaɓi na mai shi ne, amma sakamakon zafi, toka da iskar guba ana rubuta shi a littafi ɗaya da kowa zai iya buɗewa, har da na kayan da suka faɗi gwaji. Burina yanzu mu ƙulla irin wannan yarjejeniya da kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da jami'ar kimiyya ta Aliero, a ware rana guda a mako da maƙeri zai biya ɗan kuɗi kaɗan ya shiga da murhunsa, ɗalibai su auna, shi kuma ya koma gida da takardar sakamako.